Me za mu kira this, that, these da those da Hausa?

1/
Assalamu alaikum malaman Turanci da na Hausa na Sakkwato, da duk mai kishin harshen nan. Akwai wata kalma da na kwana biyar ina nema. Na kai ga matsaya, amma ina son ku ji hanyar da na bi kafin ku ce kun yarda ko ba ku yarda ba.

Ina koyar da Turanci a wani ajin matan aure a Mabera, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Kusan dukkansu sun yi allo, da yawa sun yi Islamiyya, 'yan kaɗan ne suka taɓa firamare. Makon jiya muka iso darasin gabatar da mutane, inda ake amfani da this, that, these da those. Littafin da muke bi ya kira su demonstrative pronouns. Ni kuwa ba zan iya tsayawa gaban uwar 'ya'ya bakwai, wadda watan jiya ta fara haɗa good afternoon, in ɗora mata wannan suna in ce ta riƙe ba. Dole in ba ta sunan da zai zauna a bakinta.

2/
Aikin kalmomin ba shi da wuya. Tambaya biyu kawai suke amsawa: mutumin yana kusa ko nesa, kuma shi kaɗai ne ko suna da yawa. Na kusa guda ɗaya, This is Amina. Na nesa guda ɗaya, That is my teacher. Idan sun kai biyu, is ta koma are: These are my children, Those are my neighbours. Shi ke nan.

3/
Abin da ya fara tsayar da ni ba daga littafi ya zo ba, daga bakin ɗaliba ya zo. Na rubuta This is Musa a allo, na karanta, suka maimaita. Na rubuta This is Amina a ƙasa. Sai wata da ke zaune bakin taga ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kin yi mantuwa. This ai na namiji na, ina na mace?"

Gaskiyarta. Mu nan Sakkwato muna cewa wanga Musa na, wagga Amina ta, waɗanga ɗiyana na. Bakano zai ce wannan ga namiji da mace duka, amma ko shi da ya juya nesa sai ya raba, wancan da waccan. Ta je Islamiyya an koya mata haza da hazihi, zalika da tilka. Ke nan harsuna biyun da ta sani duk suna tambayar jinsi kafin su nuna mutum, yau ga na uku ya ce babu ruwansa. Sai da na kira yaron maƙwabta da ke wasa a ƙofa na tsayar da shi gefen ɗaya daga cikinsu, na dafa kafaɗarsa na ce this, na dafa tata na ce this, sannan ajin ya yarda ba kuskure na yi ba.

Wannan ya nuna mini cewa matan nan sun riga sun san ajin kalmar sarai. Suna ne kawai ba su da shi.

4/
Sunan farko da aka ba ni na Larabci ne. Na je gaida kawuna da ke karantar da littattafai a zaure wajen Kanwuri, na ce, "Allah gafarta Malam, haza da hazihi me ake ce musu?" Ya ce ismul ishara. Sannan ya ƙara mini abin da ban taɓa lura da shi ba: a Ajurumiyya, wadda kowane almajirin nahawu a garin nan ke farawa da ita, an kira su ismul mubham, wato sunan da bai fayyace ba. Ya ce idan ka ji haza daga bayan labule ba ka san wa ake nufi ba, sai ka ga inda hannu ko ido ya dosa. Na ji daɗin wannan bayani ƙwarai, kuma na kai shi aji yadda ya faɗa.

Amma sunan ban ɗauka ba. Garin Shehu da Abdullahin Gwandu, wanda shi kansa ya wallafa nahawu a waƙe, ba garin da zai ƙyamaci kalmar Larabci ba ne, kuma kalmar nahawu ma daga can muka aro. Matsalata biyu ce. Ba kowace ɗaliba ta kai ga karatun nahawu ba, don haka zan koma ina fassara baƙuwar kalma da wata baƙuwar. Sannan ishara ta daɗe da zama a Hausa har ta yi nata gida. Idan an ce abu ya zama ishara, hankalinmu yana tafiya ga gargaɗi da wa'azi da darasin rayuwa. Ba wanda zai ji ishara ya tuna da wanga da wagga.

5/
Wata abokiyar aikina ta ce to a ce manuni. Kalmar Hausa ce tsantsa, gajeriya, kowa ya gane. Na so ta da farko, har na rubuta ta a littafin shirin darasi. Abin da ya sa na goge ta shi ne abin da ya faru ran Lahadi.

Na ce kowace ta kawo hoton iyalinta a waya ta gabatar mana da su. Wata Hajiya, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta buɗe hoton walimar saukar ɗanta. Ta nuna yaran ɗaya bayan ɗaya ba gargada. Da ta iso kan maigidanta sai ta yi shiru, ta kife wayar a cinya. Na ce, "Hajiya, This is my husband." Ta ce, "Malama, shi zan ce ma wanga? Kamar buhun gero?"

Ban yi dariya ba, don na san abin da take ji. A wurinmu ba a nuna babba da yatsa, kuma ba a ce masa wanga a gabansa. In ka ji an ce wanga mutum, to akwai magana a ƙasa. Idan za mu gabatar da babba cewa muke ga Malam, ga Baba, ga Inna. To manuni shi ne sunan yatsan da ake nuni da shi, yatsan da uwa ke buge wa yaro idan ya miƙa shi ga baƙo. In na sa wa darasin wannan suna, na tabbatar wa Hajiya ke nan cewa abin da take tsoro gaskiya ne.

Na zauna kusa da ita na yi mata bayani. This is a wurin gabatarwa ba ta ɗauke da raini ko kaɗan. Da ita ake gabatar da sarki, da ita ake gabatar da jariri. Ba a miƙa yatsa, tafin hannu ake buɗewa a karkata shi wajen mutumin. Fassararta ta gaskiya a wannan wuri ita ce ga, ba wanga ba. This is my husband, ga maigidana. Na kuma nuna mata wani sauƙi da jimlar ta zo mata da shi: ta cika ba tare da an ambaci suna ba. Matar da ba ta faɗin sunan miji ko na ɗan fari za ta ce This is my husband, This is my first son, ta tsaya nan, Turancinta daidai, kunyarta kuma ba ta zube ba. Ta ɗaga wayar, ta buɗe tafin hannu, ta faɗa a hankali.

6/
Akwai wakilin suna na nuni. Babu kuskure a ciki, tun da pronoun shi ne wakilin suna. Wanda zai rubuta jarrabawa ya riƙe shi. Amma kalma huɗu ce, kuma a aji sai na faɗe ta sau talatin kafin magariba.

7/
Inda na tsaya shi ne nunau. Ba ni na ƙirƙira ba. Duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya gamu da ita, tare da 'yan uwanta aikatau da bayanau da tsigalau, kuma da ita malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ke aiki. Abin da ke ba ni takaici shi ne katangar da ke tsakanin malamin Turanci da malamin Hausa a makaranta ɗaya. Ɗaya yana koyar da nunau da safe, ɗaya yana koyar da demonstrative da rana, yaro ya gama aji shida bai san abu guda ake nufi ba.

Ginin kalmar ma na gida ne. Yadda muke ce wa mai yawan mantuwa mantau, mai yawan makara makarau, haka mai aikin nunawa ya zama nunau. Ban ɓata minti biyu wajen bayaninta ba. Ita kanta demonstrative daga kalmar Latin ta fito mai ma'anar nunawa, don haka ba mu kauce wa asali ba. Kuma nunau ba ta ambaci yatsa ba. Ana nunawa da ido, da haɓa, da tafin hannu, da murya ma.

8/
Sai dai akwai gyara, kuma nan ne nake ganin za a yi mini gardama. Nunau ta fi demonstrative pronoun faɗi. Ku dubi jimlolin nan biyu: This girl is my daughter, da This is my daughter. A ta farko this tana tafe da girl, tana nuna wace yarinya. A ta biyu babu girl, this ce ta tsaya a gurbinta. Hausa ma haka take: wagga yarinya ɗiyata ta, da wagga ɗiyata ta. Littattafan Turanci suna raba su, ta biyun kaɗai ce pronoun. A nahawun Hausa rabon da aka fi koyarwa shi ne na dogo da gajere, wato wannan yaro da yaron nan, wanda ba shi ne abin da nake buƙata a nan ba.

Don haka na ƙara musu laƙabi. Wanda ke tafe da suna na kira shi nunau ɗan rakiya. Wanda ya tsaya shi kaɗai na kira shi nunau mai zaman kansa, kuma shi ne demonstrative pronoun. Na ba su hanyar ganewa a jimlolin gabatarwa: dubi abin da ya biyo baya. In is ko are ce ta biyo kai tsaye, mai zaman kansa ne. In suna ne ya biyo, rakiya ya yi. Matan da kullum ake aikowa su ba da yarinya ta raka amarya ko ta raka baƙuwa bakin titi ba su buƙaci a maimaita musu ɗan rakiya ba.

9/
Gargaɗi ga mai fassara wa ɗalibai: kada a ce this ita ce wannan a tsaya. A rubuce wannan ɗaya ce, a baki biyu ce. Akwai wannan na kusa da ni, akwai wannan na kusa da kai, karin sauti ne ya raba su. Haka wancan da ake gani da wancan na can nesa. Hausa na da matakai huɗu, Turanci biyu. Idan jakar tana hannunki ni kuma ina nan, da Hausa zan iya cewa wannan, da Turanci that zan ce. This tana tsayawa ne iya inda hannun mai magana ya kai.

10/
Abu biyu da suka ci mana lokaci fiye da sunan. Na farko lafazi. Bahaushe kan mayar da th ɗin nan z, ya kuma haɗe wasulan, sai this da these su fito kusan iri ɗaya, mai sauraro bai san ɗa ɗaya ake gabatarwa ba ko biyar. Na bar th ɗin zuwa wani lokaci, na kama wasali. This gajere ne, a datse shi. These a ja shi, ƙarshensa kuma ya yi zuu kamar ƙudan zuma. Hausa na da wannan bambanci, shi ya raba gari na mutane da gari na tuwo, don haka kunnensu ya san shi.

Na biyu, nunau sau ɗaya yake aiki a kan mutum. Ka gabatar, sai ka sauke shi ka ɗauki he ko she ko they. This is Amina. She is a tailor. Nan ne jinsin da ɗalibar bakin taga ke nema ya dawo, ta ce to yanzu Turanci ya yi hankali. Sai kuma waya, inda mutum ke nuna kansa da kansa: in an ɗauka ba a cewa I am Amina, ana cewa This is Amina, daidai da yadda muke cewa Amina ce.

11/
Ga abin da ke saman allonmu yanzu, ban goge ba: NUNAU MAI ZAMAN KANSA, a ƙarƙashinsa this, that, these, those, a gefe kuma da jan alli, This is daidai take da GA.

Jiya matar gidan da muke aron ɗakinsu ta leƙo da surukarta da ta zo daga Bodinga. Kafin in buɗe baki Hajiya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta buɗe tafin hannu wajena ta ce wa baƙuwar, "This is my teacher." Ta juya ga sauran ta ce, "These are my friends," ta ja wasalin yadda ya kamata. Baƙuwar ba ta jin Turanci, ta dai ce sannunku da karatu. Asabar mai zuwa za mu shiga here da there.