Murfin tampol a gaban tirela lokacin hunturu: a ɗinka ko a bari?

Direban Hanyar Paga:

Assalamu alaikum manya. Shawara nake nema. Kan tirela ce tsohuwar Turai mai silinda shida, tana ɗaukar kaya daga Tema zuwa Wagadugu. Tunda hunturu ya shigo, in an bar Tamale da dare aka nufi Walewale da Bolga, allurar zafin inji ba ta wuce digiri 60, a gangara ma sai ta ƙara faɗuwa. Da asuba kuma farin hayaƙi yana daɗewa kafin ya ɗauke. Na ga direbobin Kanada suna rufe ragar gaban mota da tampol don inji ya yi saurin ɗumi. Ana iya ɗinka mini irinsa a nan Kumasi? Da wane yadi, kuma rufewa ake gaba ɗaya ko ana barin ƙofa? Yaron motata cewa ya yi mu cusa kwali kawai.

Fitan Magazin:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dakata da ɗinkin tukuna. Kwalin kuwa, ka ce wa yaron ya ajiye abinsa, zai yi masa amfani wajen kwanciya a ƙarƙashin mota.

Sanyin da ake yi wa wannan murfi ba irin namu ba ne. Hunturun arewa, komai tsananinsa da asuba, bai kusanci sifili ba, kuma kafin azahar rana ta haura digiri 30. Injin gas, wato dizal, mai lafiya a irin wannan yanayi tsakanin 80 da 90 yake zama, dare ko rana. Allurar da ke maƙale a 60 tana kuma faɗuwa a gangara, abin da na fara zargi shi ne tamostat, bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya shiga lagireto har sai inji ya ɗauki zafi: ko an cire shi, ko ya maƙale a buɗe. Kowa ya san halinmu a nan, mota tana sauka daga jirgi sai a cire shi, wai ƙasarmu da zafi.

Ga yadda za ka gane ba tare da ka kwance komai ba. Da safe, inji da sanyinsa, ka tayar, ka ɗora hannu a babban tiyon sama da ke shiga lagireto, ka kiyayi fanka da fambel. In tamostat yana aiki, tiyon zai zauna da sanyi har allura ta doshi 80, sannan ya yi zafi farat ɗaya. In kuwa tun daga farko yana ɗumama a hankali tare da inji, to ruwa yana zagayawa ba mai tare shi. In ka samu ma'aunin zafi na hannu, irin wanda ake haskawa, ka auna gidan tamostat ɗin ka gwada da abin da allura ke nunawa, don wani lokaci gejin ne ke ƙarya.

Kuma kada a raina inji mai tafiya da sanyi. Gas ba ya ƙonewa sosai, shi ne farin hayaƙin da kake gani. Wanda bai ƙone ba yana wanke bangon silinda, ya gangara ya sirka baƙin mai, ringi su ci da wuri, shan mai ya ƙaru.

Ɗan Nima a Winnipeg:

Masta ya gama magana a kan motarka. Ni dai zan bayyana murfin, don akwai ’yan’uwa da ke shigowa ƙasashen nan su kama tuƙi.

A Manitoba da Alberta sanyi yana kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili. A nan ko tamostat lafiyarsa ƙalau, iskar da ke ratsa raga tana sanyaya jikin injin kansa da tiyo-tiyo, hita ta kasa ɗumama ɗakin direba, dusar ƙanƙara kuma ta cika lagireto. Shi ya sa ake sa murfin. Ba a ɗaura shi sai sanyi ya sauka ƙasa da sifili, kuma da zarar ya sassauta ake buɗewa ko a cire, musamman da kaya a hawan tudu.

Mai yin na gida yana fara ɗaukar ma'aunin ragar a kan takarda mai kauri, ya yanka tampol mai roba ya ƙara kamar santimita 3 ko 4 a kowane gefe don lanƙwasawa. A wajen raga ake ɗaurawa, ba a manne da lagireto ba. Babban abin da ba a wasa da shi shi ne ƙofar tsakiya. Ba a taɓa rufewa ruf. Ana barin rami kamar santimita 28 a tsaye 28 a kwance, daidai saitin cibiyar fanka. Dalili biyu ne. Na ɗaya, in ka rufe rabin ƙasa ka bar rabin sama, kowane reshen fanka zai riƙa shiga iska yana fita a kowane juyi, yana lanƙwashewa yana miƙewa, har wata rana ya tsage daga gindi ya fasa lagireto. Na biyu, fanka mai kulocin mai tana da ’yar nannaɗaɗɗiyar waya a goshinta da ke jin zafin iskar da ta ratso lagireto. In iska ba ta iso ta ba, ba za ta kama a lokacin da ya dace ba.

Sai abin da mutane ke mantawa: a motar da ke da turbo, ba lagireto ne a sahun gaba ba. Intakula ce, mai sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji, a gabanta ma da kwandensan esi. In ka toshe su, iskar da ke shiga inji ta yi zafi, ƙarfi ya ragu, hayaƙin salansa ya ƙara zafi, alhali allurar ruwa ba ta nuna maka komai. Murfin ma ba shi kaɗai ke aikin ba. Akwai hitar da ake jonawa da lantarki da dare, da gas na lokacin sanyi wanda ba ya daskarewa, da ruwan kulan rabi da rabi da ke jure kusan 37 ƙasa da sifili.

Mai Tampol Aboabo:

Ɗinkin ba wuya. Tampol irin na rufin kaya, zaren nailan, ninki biyu a baki, zoben ƙarfe duk bayan santimita 20, a ɗaure da igiyar roba don kada iska ta riƙa kaɗa shi yana cin fenti. Ƙofar tsakiya a yi mata marfi mai zif. Amma da ni ne kai, maigida, raga zan ɗinka maka a madadin tampol. Hunturunmu ƙura ce da ƙwari da tokar gobarar daji, su ne ke toshe lagireto. Ragar tana tare ƙwari da ciyayi, iska kuma ta wuce. Sai dai ita ma a riƙa kakkaɓe ta.

Direban Hanyar Paga:

Allah ya saka da alheri. Masta, an gwada yau da safe, tiyon sama ya fara ɗumi tun ba a yi minti biyar ba. Tamostat mai wane lamba zan nema? Kuma in an mayar da shi, ba za ta riƙa tafasa da rana a hawan Kintampo ba?

Fitan Magazin:

In ta tafasa bayan an sa sabo, ba laifinsa ba ne, akwai abin da aka ɓoye da cire shi. Yawancin manyan injunan nan ma tamostat ɗinsu yana da faifai na biyu a ƙasa, wanda ke toshe gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe. In babu shi, wani ruwan yana komawa inji bai bi ta lagireto ba, sai ka ga mota tana sanyi da dare tana kuma zafi a tudu da rana.

Ka je da lambar inji, kada ka saya da ido. Digirin buɗewa a rubuce yake a jikinsa, galibi 80 zuwa 83 a irin waɗannan, kuma wasu injuna biyu suke ɗauka a gida ɗaya, sai a canza su tare. Kafin a ɗaura, ka rataye shi da waya a tukunyar ruwa a kan wuta, kada ya taɓa gindin tukunya. Ya fara buɗewa a lambarsa, ya gama kafin ruwa ya tafasa, ya rufe in ya huce. A sa sabon gasket, in yana da ’yar hudar iska a juya ta sama, a cika ruwa a hankali a fitar da iska.

Tunda an buɗe, a wanke tsakanin intakula da lagireto, nan datti ke taruwa. Daga ɓangaren inji ake fesa ruwa zuwa waje, kuma ba da injin wanki mai ƙarfi ba, don yana kwantar da saƙar. A duba marfin lagireto da kulocin fanka. Sannan a juye baƙin man da ke ciki, tunda ya daɗe yana shan gas.