Me ya sa zafin Akra ya fi na arewa wahalarwa, kuma da gaske ne shi yake jawo hadari?

Ɗan Bawku, daga Nima:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. A Bawku, can arewacin Ghana, na tashi, inda zafin Maris da Afrilu yakan kai digiri 40, amma a can idan mutum ya sami inuwar darbejiya ya sha ruwan randa, jikinsa yakan dawo daidai. A nan unguwar Nima ta Akra kuwa wayata digiri 31 ko 32 take nunawa, duk da haka rigata ba ta bushewa, kuma da dare fanka tana juyawa amma barci ya gagara. Kawuna ya ce duk ranar da zafi ya matsa haka, to hadari yana tafe. Ina roƙon masana su fahimtar da ni dalilin wannan bambanci, su kuma gaya mini ko maganar Kawu tana da tushe, domin ɗakinmu yana dab da babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi.

Malam Tsohon Ticha, daga Sabon Zango:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da yake damunka danshin iska ne. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, domin a wajen bushewar ne yake ɗauke zafin fata. Iskar Bawku a bazara busasshiya ce, tana shanye gumin nan take, alhali iskar da take shigo mana ta taso ne daga kan teku ta kudu maso yamma, ta riga ta ƙoshi da ruwa, har danshinta yakan wuce kashi 80 cikin ɗari da dare da kuma safiya. Saboda haka gumin sai ya zauna a jikinka, ka jiƙe sharkaf ba tare da ka sami sauƙi ba. Ga kwanon rufi da bangon bulo da suke yini suna tara zafin rana su sake shi cikin dare, ga ɗakunan zango a manne da juna babu hanyar iska.

Kawunka bai faɗi ƙarya ba. Idan rana ta gasa ƙasa, iskar nan mai ɗumi da danshi sai ta yi sama, ta yi sanyi, ta zama gajimare mai tsayin da yakan haura kilomita 10, kuma a cikinsa ne ɗigon ruwa da ƙanƙara suke gogayya har su haifar da walƙiya. Sai dai ba kowane zafi ne yake ƙarewa da ruwa ba, musamman a Akra, wadda ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, alhali Kumasi tana samun kimanin 1,400, Axim kuma fiye da 2,000. Alamar da na fi amincewa da ita ita ce gabas ta yi baƙi, sannan iska mai sanyi ta taso farat ɗaya tana kwasar ƙura da leda, domin manyan hadarurrukanmu daga gabas suke tahowa su nufi yamma. Ka yi haƙuri zuwa Agusta, lokacin da ruwan sanyi yake tasowa daga ƙarƙashin teku, za ka ga garin ya yi daɗi.

Hajiya Mai Waake, daga Mamobi:

Malam, Allah ya saka da alheri. Ni dai, yaro, maganar kwatar nan ce ta tsaya mini a rai. Duk wanda yake garin nan a daren 3 ga Yunin 2015 ba zai manta ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a gidan man da yake Kwame Nkrumah Circle, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu fakewa kawai suka shiga yi. Allah ya jiƙansu. Ruwan da yake sauka a unguwanninmu duka kogin Odaw yake nufa ya zarce tafkin Korle, to idan shara ta toshe hanya ina zai bi? Kuma mu ne muke zuba ta, har akwai masu jiran hadari ya haɗu su fito da kwandon shara su juye a kwata, abin da yake ƙona mini rai matuƙa. Daga Mayu zuwa ƙarshen Yuni ka ɗaga katifa da buhun abinci daga ƙasa, ka ƙulle takardunka a leda ka rataye, kuma da zarar ruwa ya fara shigowa tsakar gida ka kashe wutar gidan daga mita. Kada ka kuskura ka tsallaka ruwan da yake gudu, ko da iyakarsa gwiwa ne, domin akwai ramukan kwata marasa murfi a ƙarƙashinsa. Ƙurajen zafi kuwa, wanka da ruwan sanyi da rigar auduga mai faɗi sun fi kowane mai da za ka shafa.

Baban Zainab, daga Aboabo, Kumasi:

Hajiya ta gama maganar ruwa, bari in taɓa ta aradu, tunda mu a nan mun fi ku shan ta, galibi daga la'asar zuwa magariba. Idan ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 tana nufin nisan kimanin kilomita ɗaya, kuma idan ba ka kai 30 ba, ka shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe. Gindin bishiya shi ne wuri mafi muni, ba don aradu kaɗai ba: a Maris na 2017 iskar hadari ta kayar da bishiya a kan masu wanka a magangarar ruwan Kintampo, ta halaka mutane da dama, akasarinsu ɗalibai. Masu cewa wayar hannu tana jawo aradu ban yarda da su ba, haɗarin yana ga wadda aka jona da wuta tana caji, saboda haka a cire ta tare da talabijin da firji. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaranmu da suke ci gaba da buga ƙwallo a fili ana cida. Duk babban da ya gan su ya kore su gida, ko da ba 'ya'yansa ba ne.