Rabon tallafin korona a ƙananan hukumomin karkara: kowa ya faɗi abin da ya gani

Malamin Gona

Assalamu alaikum jama'a. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ake ta ja-in-ja kan ko ciyamomi za su riƙe amana. A ganina an riga an yi mana gwaji a 2020 da 2021, lokacin rabon tallafin korona, ba mu dai zauna mun duba yadda ya kaya ba. Ina roƙon duk wanda abin ya bi ta kansa, mai rabo ne ko mai karɓa ko wanda aka tsallake, ya ba mu labari. Don Allah kada a kama sunan mutum ko gari. Abin da idonka ya gani kawai.

Tsohon Ma'aikacin Sakatariya

Wa alaikumus salam, Malam. Ni a sashen walwalar jama'a na yi aiki, kuma da hannuna na ƙirga buhunan.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne kayan nan haka suke zuwa tsurarsu. Tirela ta sauke a harabar sakatariya, direba ya karɓi sa hannu ya juya. Kuɗin 'yan dako, kuɗin man motar da za ta kai mazaɓu, ladan masu gadi, babu ko sisi a cikin takardar. A lokacin kuwa kuɗin ƙaramar hukuma ta asusun haɗin gwiwa na jiha yake biyowa, in an cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya abin da ke saura ba ya taka kara ya karya. Na ga ma'aji yana kiran mai gidan mai yana roƙon a ba mu bashin dizal.

Sai maganar suna. Shugaba Buhari ya ce a fito da tan 70,000 na hatsi daga rumbun gwamnati, a jawabinsa na 13 ga Afrilu, 2020 kuma ya ce a faɗaɗa rajistar marasa galihu daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. A rediyo abin da daɗin ji. Mu a ƙasa waya ake bugo mana da la'asar a ce gobe da safe ana son sunayen mabuƙata na kowace mazaɓa. Ina za ka samo su? Ba mu da kundin zawarawa, ba mu da na marayu, ba mu da na guragu da makafi. Kansila za a kira, shi ma ya kira na kusa da shi. Daga wannan daren abin yake karkacewa, tun kafin a kwance bakin buhu.

Maman Ummi

Baba ya faɗi gaskiya. Ni ina cikin waɗanda suka karɓi naira 20,000, amma sunana ba a lokacin korona ya shiga ba. Tun bayan rasuwar maigidana wasu ma'aikata suka zo garinmu suka tara mu, maza daban, mata daban, samari daban. Suka ce mu da kanmu mu faɗi wane ne talaka a garin nan, mu lissafa gidajen. Mata ne suka ambace ni, ban ɗaga hannu ba. Daga nan aka fara ba mu 5,000 ta kowane wata, da cutar ta zo sai aka haɗa mana ta wata huɗu.

Ranar biya a filin makarantar firamare aka yi. Ana ta shelar a ba da tazara, amma wallahi kafaɗa da kafaɗa muka tsaya, ga rana, ga goyo. Da na karɓa na ƙulle a bakin zane na wuce wajen mai awo. Gero na saya da man gyaɗa da sabulu, don azumi ya ƙarato kuma an hana cin kasuwa.

Abin da ya tsaya min a rai maƙwabciyata ce. Mijinta ɗan ci-rani ne, kulle ya rutsa da shi a kudu, ba aiki ba hanyar dawowa tunda an rufe iyakokin jihohi. Lokacin da aka rubuta suna suna da rufin asiri, don haka ba ta ciki. A watan nan ta fi ni shiga wani hali. Na auna mata abin da ya sawwaƙa, amma da kunya nake wucewa ta ƙofar gidanta.

Tsohon Kansila

Tunda an ambaci kansiloli bari in ce wani abu. Ban ce dukkanmu mun yi daidai ba. Amma ku auna: an ba ka kayan da ba za su ishi unguwa ɗaya ba, an ce ka raba wa ƙauyuka da rugage na mazaɓa guda. Kafin motar ta iso labari ya riga ta. Shugaban jam'iyya na mazaɓa yana jira, shugabar mata tana jira, matasan da suka yi maka yawon kamfe suna zaune a ƙofar gidanka tun asuba. Wanda ya aiko kayan yana Abuja, wanda ya rage su a hanya ba ka ma san fuskarsa ba, kai ne kake sallar magariba a sahu ɗaya da waɗanda ba su samu ba. Har yau akwai ɗan'uwan mahaifina da ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska.

Maman Ummi

Yallaɓai, ba ƙarancin kayan ne ya ɓata mana rai ba, kowa ya san ba za su isa ba. Da dare aka yi rabon a mazaɓarmu. Da safe sai kwalayen taliya muka gani a bola a bayan wasu gidaje, gidajen da ko a fari ba sa rasa tuwo.

Tsohon Kansila

Hajiya, wannan ba ni da abin kare shi. Rabon dare ba ya da hujja.

Jikan Dagaci

Mu namu ya zo da sauƙi, kuma ina ganin saboda yadda tsoho, wato kakana dagaci, ya tsaya ne, Allah ya jiƙansa. Da kansila ya zo da kason garinmu ya ce a shigar zaure, sai ya ce a'a, a jibge a ƙofar gida inda kowa zai gani. Ya sa sanƙira ya zaga gari. Ya kira liman da masu unguwanni da shugaban makaranta da wata tsohuwar ungozoma, don ita ta san cikin kowane gida fiye da mazan.

Aka ƙirga buhunan da ƙarfi, jama'a na amsawa. Sannan aka farke su, aka ce ba mai ɗaukar buhu, da kwano za a auna. Kowane mai unguwa ya miƙe ya kira sunayen da ya kawo, in akwai mai ja ya yi magana a nan. An ja a kan mutum biyu. Ɗaya yana da shanun huɗa da hatsi a rumbu, da kansa ya ce a cire shi. Ɗayan aka bincika aka tarar ya sayar da komai wajen jinyar matarsa, aka bar shi. Na tuna wata makauniya da jikarta ta jawo, ta sa hannu cikin ƙwaryar tana shafa shinkafar tana tambaya ko duka nata ne.

Ana cikin haka Arɗo ya iso a kan babur, ya ce rugarsu fa? Gaskiya babu wanda ya tuna da su, alhali rufe kasuwa ya hana matansu sayar da nono. Tsoho ya sa aka rage awon kowa kaɗan aka fitar musu. Kowa bai samu da yawa ba, kwano biyu ne da ɗan sukari da taliya, amma ba a yi zagi ba, ba a yi jifa ba.

Tela Mai Keke

Ku kuna maganar abinci, mu wahalarmu ta intanet ce. Gwamnatin tarayya ta fito da asusun tallafa wa ƙananan sana'o'i mai suna Survival Fund na naira biliyan 75, aka ce masu sana'ar hannu irinmu za a ba kowa 30,000. Babban Banki ma ya ware biliyan 50 ta bankin NIRSAL. Duka sai da lambar BVN da waya. Ƙaramar hukumarmu ko reshen banki ɗaya babu, sabis kuma sai ka hau tudun bayan gari. Sakatariya ba ta da hannu a ciki, ka je tambaya su ce su ma a rediyo suka ji.

Nan 'yan cike-cike suka samu kasuwa. Yaro ya zo da kwamfuta daga birni ya zauna a shagon caji, ya ce kawo lambarka in cike maka, in ta fito a raba. Ni tawa ta fito, na sayi zare da yadi na ɗinkin makaranta. Amma da yawa ba a faɗa musu cewa na Babban Banki bashi ne ba. Wani abokina mai faci ya karɓa, mai cikewa ya ɗauki kasonsa, ya yi hidimar gida da sauran. Bayan shekaru ɗansa ya turo masa kuɗin taki, kafin ya kai wajen mai POS an zare a madadin bashin. Yanzu bashin duka a kansa yake, har da abin da wancan ya ci.

Auta

Ni aikin gwamnatin tarayya na mutum 774,000 na samu, wanda aka ce dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, 20,000 a wata har wata uku. Tun tsakiyar 2020 ake rigima a kansa tsakanin minista Festus Keyamo da 'yan majalisa kan wa zai zaɓi mutane, sai Janairun 2021 aka fara. An ba mu tsintsiya da shebur da baro, muka yashe kwatocin kasuwa. Kuɗin bai zo a kan kari ba, wasu kuma sunan da ke fom ya saɓa da na banki, shi ke nan. Abin da na lura, ƙaramar hukuma mai ƙauyuka barjat da mai 'yan kaɗan duk dubu ɗaya aka ba su.

Nas a Amurka

Salam 'yan'uwa. Ina aiki a ƙaramin asibiti a wata gundumar karkara a nan Amurka, gari ne na manoman masara da masu kiwon shanu. Su ma sun sha irin kukan da Baba na sakatariya ya yi. A dokar CARES ta Maris 2020 an ware dala biliyan 150 ga jihohi da ƙananan gwamnatoci, amma sai mai mutane sama da 500,000 ake tura wa kai tsaye. Irin tamu sai ta jira abin da jiha ta ga dama. Da aka yi ƙorafi, dokar da Biden ya sa wa hannu a Maris 2021 ta ware dala biliyan 65.1 ga gundumomi, kowacce gwargwadon yawan mutanenta, daga baitulmali kai tsaye, kashi biyu. Aka ce su tsayar da abin da za su yi da kuɗin kafin ƙarshen 2024, su gama kashewa kafin ƙarshen 2026.

Kuɗin tallafin da aka ba ɗaiɗaikun mutane, wato dala 1,200 da 600 da 1,400, bai bi ta hannun gunduma ba, hukumar haraji ce ta tura da bayanan da take da su. Marasa takardun zama, waɗanda su ne ke aikin gona da mayanka, ba su samu ba, na gan su a layin karɓar abinci na coci.

Na halarci zaman kwamishinonin gundumarmu saboda asibiti na neman motar ɗaukar marasa lafiya. A ƙaramin ɗaki ake yi, ƙofa a buɗe, an liƙa ajanda tun kafin ranar. Wani tsoho manomi ya miƙe ya ce bututun ruwan ƙauyensu ya fi gyaran ginin kotu muhimmanci, aka yi ta musu. Akwai son kai a nan ma, kowane kwamishina yankinsa yake ja wa. Amma abin da aka yanke yana fitowa a jaridar garin da adadinsa.

Malamin Gona

Mun gode, 'yar'uwa. Baba, saura maganar rumbuna. A Oktoban 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, mun ga yadda aka fasa ɗakunan ajiya a Jos da Kaduna da Yola da Jalingo, aka yi ta fita da kayan abincin CACOVID, gamayyar 'yan kasuwa ta yaƙi da korona, na naira biliyan 23 da su Dangote da bankuna suka haɗa. Ƙungiyar gwamnoni ta ce wasu an ajiye su ne don zagaye na biyu na cutar. Ku a ƙasa me ya hana a raba?

Tsohon Ma'aikacin Sakatariya

Malam, zan faɗi namu kawai. Kayan ba tare suke zuwa ba. Shinkafa ta iso, a ce a jira sukari da taliya don kowane gida ya samu cikakken kaso. Sun cika, a ce a jira ranar ƙaddamarwa, manya za su zo da 'yan jarida. Ga damina ta yi ƙarfi a shekarar, mazaɓunmu na bakin fadama mota ba ta shiga sai dai amalanke ko kwalekwale. Makullin sito kuwa ba a hannun ciyaman yake ba, yana wajen kwamitin jiha. Muna kallon ƙofar, jama'a na kallonmu, rufin yana yoyo. Da aka buɗe, buhunan garin da ke ƙasa sun dunƙule sun yi baƙi, haka muka fitar da su muna toshe hanci. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Mu ba a fasa namu ba, don da labarin Jos ya iso hakimi ya kira ciyaman ya ce ko a raba gobe ko ya cire hannunsa. A daren aka samo izinin da aka yi makonni ana nema.

Jikan Dagaci

Baba, to sunayen da aka tattara a lokacin suna ina? Na tambaya ne don da aka zo rabon tallafin cire tallafin mai a 2023, sabon suna aka sake nema a garinmu, cikin gaggawa kamar wancan karon.

Tsohon Ma'aikacin Sakatariya

Ɗana, na mazaɓu a takardun fulskaf aka rubuta su, na ɗaure su da igiya na sa a kabad ɗin ofishinmu. Da na yi ritaya na damƙa wa wanda ya gaje ni. Rajistar su Maman Ummi kuwa tana ofishin jiha a kwamfuta, mu ba a ba mu kwafi ba. In kana da wanda ka sani a sakatariyarku, ka ce ya duba sashen walwala, ka kuma nemi mai unguwarku ya riƙe nasa littafin yana gyarawa duk bayan kaka.