Kafin ka biya kuɗin mota mai gudu, wa ya duba maka ita?

Ɗan Gyallesu:
Assalamu alaikum jama'a. Na samu BMW 335i ƙirar 2009 a hannun wani abokin yayana a nan Zariya. Ba 'yar Kwatano ba ce, ya kai shekara biyu yana hawa. Na zaga da ita daga Ƙofar Doka zuwa Ɗan Magaji na dawo, wallahi tana tashi kamar an harba kibiya. Matsalata ita ce kunya. Mutumin nan tun ina firamare yake shiga gidanmu, Yaya nake ce masa. Ta yaya zan buɗe baki in ce sai na kawo bakanike ya duba? Dillalin da ke tsakani ma ya ce ba sai an wahala ba, yana da nasa bakaniken da ya san motar ciki da bai. Waɗanda suka taɓa sayen irin waɗannan motoci, don Allah ku faɗa mini yadda kuka yi.

Baban Khalifa, Samaru:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kunyar nan ni na riga ka biyan kuɗinta. Golf GTI na saya a hannun wani da muke sallah a masallaci ɗaya. Duk lokacin da na ce zan zo gani sai ya ce in zo bayan la'asar, in na zo kuwa na tarar ya riga ya zaga da ita, inji ya yi zafi, shiru kamar ba a kunna ba. Ban kawo komai a raina ba. Washegarin da na biya, da asuba na murɗa makulli sai na ji kar-kar-kar daga gaban inji na 'yan daƙiƙu, sannan ta yi shiru. Sarƙar inji ce ta saki, abin da ke ɗaure ta ya gaji. Da ta yi tsalle da bawul sun daki fistin, shi ke nan sai sabon inji. Kuma da aka tambaya sai aka tarar ba a taɓa canza man giyarta mai canza kanta da ake kira DSG ba, alhali irin wannan giya ana canza mata mai duk kilomita 60,000. Har yau muna gaisawa da mutumin, amma gaisuwar ta zama ta baki kawai. Da na kai bakanike tun farko da ranmu ya ɓaci na kwana biyu ya wuce.

Abu ɗaya zan ce maka: ka je da sassafe, ka ɗora hannunka a kan inji ka ji shi da sanyi kafin kowa ya kunna.

Bakanike daga Muciya:
Baban Khalifa ya faɗi rabin aikina. Bari in ƙara, tunda motar Jamus nake gyarawa.

Da farko, bakaniken dillali na dillali ne. Ba wai maƙaryaci ba ne, amma in ciniki ya faɗa yana da nasa a cikin la'ada, in ya lalace ba shi da ko sisi. Kai ka kawo naka, kai ka biya shi, kuma ka biya shi kafin ya duba, don kada ya ji cewa ladansa na rataye da sayen.

Ita 335i ta 2009 injinta N54 ne, silinda 6 a jere, lita 3, turbo biyu, ƙarfin doki 300. Inji ne mai daɗi, amma yana da wuraren da ake fara leƙawa. Akwai famfon fetur na matsin lamba, wanda kamfanin da kansa ya kira motoci a Amurka a 2010 don canzawa. Alamarsa ita ce mota ta daɗe tana gurnani kafin ta tashi da safe, ko ta rage ƙarfi in ka taka sosai. Akwai famfon ruwa, na lantarki ne ba na bel ba, kuma ba ya sallama kafin ya mutu. Ka tambayi Yayan naka ko an taɓa canzawa, da yaushe. Sai turbo: in an taka wuta an saki ka ji kamar ana karkaɗa gwangwani da tsakuwa a ciki, ƙofar da ke sakin iskar turbo ce ta yi sako-sako. Sannan a haska tocila wajen gidan filtar mai da murfin saman inji, nan baƙin mai ya saba tsiyaya. In ka tarar an wanke inji fes yana ƙyalli ranar da za ka zo, ni wannan ya fi tayar mini da hankali a kan injin da ke da ƙura.

Motar ba ta da sandar awon baƙin mai, a allon gaban direba ake gani, don haka ka buɗe murfin zuba mai ka duba bayansa. In ka ga wani abu kamar kunun gyaɗa, ruwa na haɗuwa da mai. Ka tambaya wane mai ake zuba mata. Duk wanda ya ce maka 20W-50 yake zubawa wai saboda zafin Arewa, ka san ko dai bai san motar ba ko kuma akwai ƙarar da yake rufewa da mai mai kauri.

Kuma don Allah a kai ta rami ko a ɗaga ta. Waɗannan motoci ƙasa-ƙasa suke, hanyoyinmu kuwa kun san su, ga tudun rage gudu a kowace unguwa. Abin da ke ƙarƙashi ba a ganinsa daga tsaye. Na taɓa shiga ƙarƙashin wata na tarar an like tukunyar mai da gam.

Maman Nana, Hanwa:
Ni tawa ba ta inji ba ce. Mercedes C350 maigida ya so ya saya mini, sabuwar shigowa, ba a ma yi mata lamba ba. Da na shiga sai ƙamshin turare ya buge ni, irin mai yawan nan har yana hawa kai. Na ce wa maigida, Alhaji, wanda ya zuba turare haka akwai warin da yake gudu. Dariya ya yi, ya ce mata da hanci. Ƙanena da ke karatu a ABU shi ya ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya buga a intanet. Sai ga hotunan motar a filin gwanjo a Texas, an rubuta ambaliya ce ta ci ta. Shekarar kuwa ta zo daidai da guguwar Harvey da ta nutsar da Houston a 2017. Muka ɗaga kafet muka ga busasshen laka, ƙarfen da kujera ke gudu a kai duk tsatsa, bel ɗin kujera da muka ja shi har ƙarshe ga layin ruwa a jiki. Injin lafiyarsa ƙalau, shi ya sa bakaniken da muka fara kaiwa ya ce a saya. Ba mu saya ba. Alhaji bai ƙara maganar hanci ba.

Mai Rewaya, Sabon Gari:
Hajiya, Allah ya yi miki gyaɗar dogo. Motar ruwa ba ranar take nuna hali ba, sai bayan wata shida wayoyi su fara yin kore a cikin soket, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, kai ta zuwa wurina kenan har mu saba.

Game da kwamfuta, akwai abin da mutane ba su gane ba. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin duba laifi da ake kira OBD-II, kowa na iya jona na'ura. To mai sayarwa ma yana da na'urar. Zai goge duk laifin da safe, kai ka zo da rana a jona a ce maka babu komai. Abin da za ka ce a nuna maka shi ne gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta. In an goge laifi ko an cire batir, waɗannan gwaje-gwaje suna komawa ba a kammala ba, sai an yi tafiya mai ɗan nisa suke cika. Motar da ake hawa kullum amma ta nuna ba su kammala ba, wani ya taɓa ta kwanan nan. Kuma ƙaramar na'urar nan ta waya inji kawai take karantawa. BMW na da kwamfutoci da yawa, na giya daban, na birki daban, na jakar iska daban, sai da babbar na'ura.

Wani gwajin ko kobo ba ya ci: kunna wuta kada ka tayar da inji. Fitilar inji da ta jakar iska da ta birkin ABS dole duk su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ko an rufe ta da baƙin tef. Na buɗe allo na ga haka da idona ba sau ɗaya ba. A leƙa salansa kuma a ga ko indomi, wato abin tace hayaƙi, na nan, don ana farke shi a sayar.

Dillali ne ni, PZ:
To an taru a kanmu. Ba komai. Amma ku ji ta ɓangarenmu. Yaro zai zo ba shi da kuɗin taya ɗaya, ya ce zai gwada mota, ya hau titin Kano ya taka ta kamar ya sato, ya dawo da birki na hayaƙi ya ce zai yi shawara. Wani kuma bakaniken da zai kawo bai taɓa buɗe injin turbo ba, Golf 3 da Vectra ya sani, sai ya ƙirƙiro laifi don a ce ya yi aiki. Shi ya sa muke ɗari-ɗari. Wanda ya zo da gaske, ya zuba mai, ya yarda in zauna a gefensa, ya faɗi garejin da za a je, ni ban taɓa hana shi ba. Kai ko Kaduna ya ce a je, kilomita 80 ne, mu je. Kuma maganar gaskiya, motar da aka duba aka saya ta fi mini kwanciyar hankali, don babu mai zuwa ƙofar gidana bayan sati biyu da 'yan'uwansa.

Bakanike daga Muciya:
Oga, a kan bakaniken da bai san turbo ba na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Irinsu ne ke cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, su haɗa fanka kai tsaye su ce sun yi maganin zafi. Ɗan Gyallesu, wannan ma ka sa a duba.

Na Tudun Wada:
Babu wanda ya taɓo wasan mota. Mota irin wannan mai jan baya, in ta zauna a hannun matasa, da wuya a ce ba ta taɓa juyi a wajen biki ba. Ni na sayi tsohuwar BMW E46 ba tare da na sani ba ashe 'yar wasa ce. Abin da ya kamata in lura da shi: tayoyin baya sababbi fil, na gaba tsofaffi, kuma cikin mudgad na baya duk ɓarɓashin roba ya manne. A jikin taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Da na karanta da na ga tazarar. Daga baya in na sha kwana a hankali sai in ji bayan motar na tsalle tana ƙara, ashe an yi wa difaren walda don tayoyin biyu su riƙa juyawa tare. Ni da na saya don kai yara makaranta.

Ka sa mai fenti ya zaga ta shi ma, da rana tsaka ba da magariba ba. Ya duba ko tazarar ƙofofi da bonet daidai take hagu da dama, da ko an taɓa kwance notocin mudgad.

Malamin makaranta, Kongo:
Takardun kwastam. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma lambar mota ba ta wanke motar da ba a biya mata fito ba. Ka gwada lambar shasin da ke takarda da ta jikin mota harafi bayan harafi, ka je ofishinsu a Kaduna a tabbatar maka. Wani abokin aikina sai da ya bar tasa a hanyar Abuja ya dawo a motar haya.

Ɗan Gyallesu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda aka yi. Ban iya tunkararsa ba, sai na bi ta wajen yayana, shi ya kira shi ya ce yaron nan kuɗin da ya daɗe yana tarawa ne, a bar shi ya kai a duba don hankalinsa ya kwanta. Mutumin bai ji haushi ba ko kaɗan, cewa ya yi in zo in ɗauki makulli. Dillalin ne dai ya ɗan ɓata fuska.

Ƙarfe bakwai na safe muka je, inji da sanyi. Ta tashi bugu ɗaya, babu hayaƙi. A rami aka ga mai na tsiyaya daga gidan filta, robobin ƙafar gaba sun tsage, kuma babbar na'ura ta nuna tsohon laifi a kan famfon ruwa wanda shi kansa bai san da shi ba. Turbo na ɗan karkaɗawa amma bakanike ya ce za ta kai ni wani lokaci. Lambar shasi ta nuna an taɓa bugun ta a baya a Amurka, ba mai tsanani ba, ba ruwa. Na kai masa lissafin gyaran a rubuce, ya duba ya ce a cire kuɗin famfo da na robobi daga farashi, na tsiyayar mai kuma ni in ɗauka. Saura takardun kwastam, ranar Litinin zan shiga Kaduna. Oga na Muciya, famfon ruwan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano zan nema ko in sa a aiko daga Ladipo ta Legas?

Bakanike daga Muciya:
Ko'ina ka samu, amma sabo a kwali, kada ka yarda da na Beljiyam a wannan kayan. Ka haɗa da tamostat a canza su tare tunda wuri ɗaya suke. In ya iso ka kawo ta da safe kafin gareji ya cika.