Neman shawara: yatsun ƙafa na cin wuya a gangaren dutse

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne daga Birnin Kebbi muke shirin tafiyar ƙafa ta kwana 6 a hanyar Likiya da ke kudancin Turkiyya, wadda ta tashi daga kusa da Fethiye ta bi gaɓar Bahar Rum da duwatsu har wajen Antalya. Atisaye muke yi a tuddan Zuru, kuma abu ɗaya ya ƙi warwaruwa.

Hawa ba ya ba da matsala. A gangare ne ƙafa ke zamewa gaba cikin takalmi, babban yatsa ya riƙa dukan hancinsa. Bayan kilomita 15 farce ya fara baƙi, bororo ya fito a gefen ƙaramin yatsa. Kwana ɗaya a iya daurewa, amma kwana 6 a jere a kan tsakuwa mai santsi?

An ƙara lamba ɗaya a girman takalmi, sai diddige ya koma gogawa. An yanke farce, an sa safa biyu, an zarga igiya ta ramin ƙarshe don kama idon sawu. Filasta kuwa gumi ke ɓare ta kafin azahar, balle an cire takalmi don alwala. Jaka kilo 12 ce, har da ruwa lita 3, kuma ba za a iya rage ruwan ba domin akwai tazara tsakanin ƙauyukan hanyar.

Shin laifin faɗin takalmin ne ko nauyin jaka? Sanda biyu na rage wannan dukan sosai? Kuma wace filasta ce ke jure gumi da alwala? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.