Neuromancer a Faifai: Guba 15 da Megabait 3

Mai Gyaran Kwamfuta:

Littafin almara ne, Neuromancer, da ake yabo da hangen nesa,
William Gibson ya fitar da shi a 1984,
Da tafireta ya buga, ba da kwamfuta ba.
Case, jarumin labarin, ɗan kutsen kwamfuta,
Na fasa-ƙwaurin ma'ajiyar megabait 3 a Chiba ta Japan,
Yau ko hoton biki ɗaya ba zai ɗauke ba.
Wayoyin bango ke ta ƙara a Istanbul,
Ya hango intanet, bai hango salula ba.
Yaya, ina hangen nesan? Ni dai ban gani ba.

Yaya Mai Littattafai:

Ƙane, ka tsinci tsaba ka bar dami,
Dubi Armitage, mai ɗaukar Case aikin fashi, da igiyar da ya ɗaure shi.
Case ya cuci iyayen gidansa, suka ɗura masa guba,
Jijiya ta ƙone, na'ura ta daina jin shi.
An gyara shi a asibitin ɓoye, amma da ƙulli:
Ƙunshin guba 15 manne a hanyar jininshi.
Sannu suke narkewa. In aiki ya kammala
A ba shi makari, in ya noƙe ciwon ya koma mishi.
Har hanta aka taɓa, ƙwaya ta daina bugar da shi.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
Wannan bai tsufa ba, ko ka musa shi?

Malam Injiniya:

Ku sassauta, ga yadda fashin ke tafiya:
A sato Dixie daga rumbun kamfanin Sense/Net tukuna,
Mataccen gwani a na'ura, yana ba da shawara,
A kashe a kunna, ba ya tunawa.
Kuang na Sin, shirin kutse mai lamba 11, ba ya dukan katangar tsaro,
Lallaɓa ta yake har su saje, ba a ganewa.
Molly, abokiyar fashin Case, mai reza 10 a farce, kowace santimita 4,
Ita ke kutsawa Straylight, gidan attajirai a sararin samaniya, da ƙafa,
Case na jin ciwonta a jikinsa ta na'ura, ba halin amsawa.
Makullin ƙarshe kalma ce a bakin 3Jane, 'yar masu gidan,
Wintermute, na'ura mai tunani da ta kitsa fashin,
Da gangan aka gina shi ba ya iya ganowa.

Mai Gyaran Kwamfuta:

Malam, na karɓa, amma ga inda ta ɓaci:
Armitage yaɓe ne a kan rusasshen gini.
Kanar Corto ne a ƙasa, da ya farka sai hauka,
Wintermute ya wurga shi sarari, ba sallama ba bayani.
Ya tafi bai faɗi makarin ba, nan na gyara zama,
Sai Gibson ya warware gubar a 'yan layuka,
Yaya, wannan ha'inci ne ko gajiyar alƙalami?