Wane marubuci Asma'u za ta ɗauka?

Maman Asma'u (Unguwar Rogo, Jos): Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba Asma'u aikin gida, wai ta rubuta tarihin marubucin da ya ɗora ƙagaggen labarinsa a kan abin da ya taɓa faruwa da gaske. Ni kam iyakar karatuna littattafan soyayya. Ku taimaka mana.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba sai kin je nesa ba, ga maƙwabcinmu na Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kowa ya san shi da Firayim Minista, amma kafin siyasa malamin makaranta ne. An haife shi a 1912, ya yi Kwalejin Katsina, ya koma Bauchi yana koyarwa a makarantar Midil. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar ƙaga labari da Hausa, shi kuma ya shiga da littafinsa Shaihu Umar. Lokacin bai fi shekara 21 ba fa!

Baban Khalifa: Ranka ya daɗe, ni Ganɗoki zan ba ta. Littafin Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, shi ma daga wannan gasar ya fito. Akwai yaƙin Kwantagora da Turawa, yara na son wannan.

Malam Ɗanjuma: Ganɗoki na da daɗi, ban musa ba. Sai dai da labarin ya yi nisa, aljanu suka karɓe shi. Shaihu Umar kuwa bai saki ƙasa ba: an sace yaro, aka ƙetara Sahara da shi, uwa ta bi sawu tana nemansa har ita ma ta faɗa bauta. Cinikin bayi ne kamar yadda kakanninmu suka gan shi. Ina ɗan aji uku na karanta wurin da suka haɗu da uwar, sai da na rufe littafin na fita waje.

Anti Bilki: Abin da ke ba ni haushi, littafin labari ɗaya tak Tafawa Ɓalewa ya bar mana. Ya tafi Landan karatu a 1945, yana dawowa siyasa ta haɗiye shi, har aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Asma'u ta sa wannan a ciki, malaminta zai ji daɗi.

Sadiq Gangare: Anti, akwai fim ɗin Shaihu Umar ma. Adamu Halilu ya ba da umarni, 1976. An gyara shi a Jamus aka nuna a Balin a 2018. Tunda hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa na nan Jos, a leƙa a tambaya mana.

Maman Asma'u: Kai, Allah ya saka da alheri. To littafin fa, ina zan samu?

Malam Ɗanjuma: Duba wajen masu littattafai na bakin Masallacin Juma'a, ki ce bugun kamfanin ɗab'i na NNPC Zariya. Kada ki ba ta fassarar Turanci ta Hiskett tukuna, ta fara jin Hausar mai littafin.

Baban Khalifa: In an yi hutu ku kai ta kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi, tafiyar awa biyu ce. Amma ta karanta Ganɗoki dai.

Maman Asma'u: Baban Khalifa ba ka haƙura ke nan. To aro mana naka, jibi take miƙa aikin.